Ku Tambayi Gwaggo: Ƙwallon Duwatsu na Kwarashi

Tun bayan ƙaramar Sallah saƙonnin da ke shigowa wannan fili suka karkata wuri guda, wato ƙwallayen nan na ado da ake saƙawa da kwarashi da ƙananan duwatsu, a rataya a bakin labule ko jikin makulli ko hannun jaka. Da alama kakar biki ce ta jawo. Na tsamo guda shida. Wadda ba ta ga tata ba ta yi haƙuri, ta duba a amsar 'yar'uwarta.

Tambaya: Gwaggo, barka da aiki. Na iya saƙa hular jarirai da safa da zaren ulu tun ina firamare. A wani biki na ga ƙwallon duwatsu a jikin jakar ƙawar amarya, na dawo gida na gwada. Duwatsun duk sai su shige ciki, zare kawai ake gani a waje, kuma abin ya ƙi zagayewa. Ina matsalar take? (Wata budurwa daga karkarar Gaya)

Amsa: 'Yata, hannunki lafiya lau yake. Dutse a saƙar kwarashi kullum a bayan saƙa yake kwanciya, ɓangaren da ba ya kallonki sa'ad da kike aiki. Ke kuwa kin saba da hula, inda gefen da ke kallonki shi ne waje. A nan bayan ne zai zama waje. Da kin yi zagaye uku, abin ya fara lanƙwashewa ya yi ɗan zurfi, sai ki sa babban yatsa ki juye shi duwatsun su koma waje, ki ci gaba da saƙa kina leƙen cikinsa. Kada ki jira sai bakin ya tsuke, don a lokacin ba zai juyu ba sai kin fasa duwatsu.

Ulun nan kuma ki ajiye shi don hula. Yana da gashi, yana miƙewa, ba ya shiga hudar ƙaramin dutse. Ki nemi zaren auduga mai santsi, lamba 10, irin wanda ake saƙa marufin tebur da shi, da kwarashin ƙarfe mai milimita 1.5. Su duwatsun lambarsu a juye take tafiya, babbar lamba ƙaramin dutse. Lamba 6 ta kai kimanin milimita 4, lamba 8 milimita 3, lamba 11 milimita 2. Ki fara da 8. Lamba 11 ta fi kyau a ido, amma tana sa mai koyo ta jefar da kwarashi ta tashi.

Duk duwatsun da ƙwallon zai ci sai sun hau zare kafin ki yi ɗaurin farko, don haka lissafi ne farkon aikin. Ga na ƙwallo mai girman kanya. Zagayen farko dutse 6, na biyu 12, na uku 18, na huɗu 24. Sai zagaye huɗu a jere kowanne 24, ba ƙari ba ragi. Sai a sauko, 18, 12, 6. Jimla 192 ke nan. Ki zura 200, rarar ba ta hana komai, ƙaranci ne ke sa a yanke zare. Idan zaren ya ƙi shiga kunnen siririyar allura, ki zura mata zaren ɗinki ki ƙulle bakinsa ya zama zobe, ki rataya bakin zaren saƙar a cikin zoben, duwatsu su bi allura su gangara kansa. In ba allurar ma, ki shafa jan farce a bakin zaren, ki murza, ya bushe ya sandare.

Farawa kuwa, ki naɗe zare a yatsa ya zama zobe, ki yi gajeriyar saƙa shida a cikinsa, sannan ki ja jelar ya tsuke. Kowace saƙa haka take: ki soka kwarashi a ido, wato ramin saƙar da ke ƙasa, ki jawo zare ya zama madauki biyu a kan kwarashi, ki turo dutse ɗaya ya manne da aikin, ki ɗauko zare ta bayan dutsen, ki fitar ta cikin madaukin biyu. Ƙari shi ne saƙa biyu a ido ɗaya, kowacce da dutsenta. A zagaye na biyu kowane ido biyu zai ɗauka. A na uku, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. A na huɗu, ɗaya, ɗaya, biyu. Ragi kuma ki tsallake ido ɗaya sau shida a zagayen, a tazara daidai.

Rashin zagayewar da kika ce, abu biyu ke kawo shi. Na farko ɓatan lissafi. Wannan saƙa ba a rufe zagaye, dawafi take yi har ƙarshe, in ba ki sa alama ba ba za ki san inda zagaye ya ƙare ba. Ki saƙala guntun zare mai wani launi a idon farko, ki riƙa ciyar da shi gaba, kuma duk ƙarshen zagaye ki ƙirga duwatsu. Na san ana jin ƙyuyar ƙirgar, musamman ana hira a tsakar gida, amma a nan ne masu kyan aiki suka bar sauran. Na biyu, in kina yin ƙarin a wuri ɗaya kowane zagaye, gindin zai fito da kusurwa shida. Ki riƙa gusar da wurin ƙarin.

Saura abin da za ki sa a ciki. Audugar gona tana shan ruwa, ta dunƙule, ƙwallo ya lotsa. Audugar rimi ta fi ta nesa ba kusa ba, ga rashin nauyi ga ƙin ruwa, sai dai a nisanta ta da wuta. Ita ana cusa ta ne in ya rage ido 12, da gindin fensir, a cusa har sai ya yi tauri. In kina son zagaye na sosai, ki sa abu mai ƙarfi: dutsen katako, ko ƙwallon robar nan da ke bakin kwalbar turaren hammata in ya ƙare, a wanke shi tas. Mai ƙarfi kuwa kafin ki fara ragi za ki sa shi, ki ƙarasa saƙar a jikinsa. Idan farin ƙwallo ne duwatsun kuma masu duhu, ki sa masa guntun tsohuwar safa mai duhu, kada farin ya riƙa leƙowa.

Tambaya: Gwaggo, na zana ado a takarda, ja a sama, fari a tsakiya, shuɗi a ƙasa, na zura yadda na zana, sai ya fito a juye. Wani kuma ina tsakiyar aiki na ga dutse ɗaya ya yi yawa, adon duk ya goce. Sai na warware duka? (Ƙanwarki daga Kibiya)

Amsa: Ƙanwata, dutsen da kika zura a ƙarshe shi ne mafi kusa da kwarashi, shi za ki fara saƙawa. Don haka zanen daga ƙarshe ake karanta shi zuwa farko lokacin zurawa. In ja kike so ya fara, ja ne zai hau zare a ƙarshe. Ga ƙwallo wannan ba abin tashin hankali ba ne, ki juya shi kawai ki sa maratayin a ɗaya kan. Inda yake ɓata rai shi ne in kin sa harafi ko fure.

Dutsen da ya yi yawa ba ya sa a warware. Ki zura allura a hudarsa, a gefen zaren, ki matse shi da filaya ya fashe. Allurar ce ke kare zaren daga kaifin gilashi. Ki lulluɓa tsumma a kai saboda ido, ki kwashe ɓarɓashin kada yara su taka. In kuwa dutse ne ya gaza, babu dabara, sai ki yanke zare, ki ƙara abin da ya ɓata, ki haɗa, ki tura jelar ciki. Cikin ƙwallo yana ɓoye ƙulli, wannan na cikin sauƙin aikin. Saboda haka ma ba na son a zura fiye da mita ɗaya da rabi na duwatsu a lokaci guda. Tura su gaba da baya yana cin zare, kafin a kai tsakiya ya yi gashi.

Ga wani ado mai sauƙin lissafi, tunda kina son launi. Ki raba ƙwallon gida shida daga sama zuwa ƙasa da launi biyu. Zagayen farko kore ɗaya, rawaya ɗaya, har sau uku. Na biyu bibbiyu, na uku uku-uku, na huɗu hurhuɗu, haka za ki riƙe hurhuɗun a zagayen tsakiya, ki sauko yadda kika hau. A wannan kam ƙarin a wuri ɗaya zai riƙa faɗawa, ƙarshen kowane launi, don haka ƙwallo mai ƙarfi za ki sa a ciki ya gyara kusurwar. Layukan za su ɗan karkace. Kada ki yi faɗa da su, haka saƙar kwarashi take, kuma karkatar ce ke ba shi kyau.

Tambaya: Gwaggo, Allah ya ƙara girma. Zan aurar da 'yata bayan girbi, ina so a yi mata ƙwallaye na bakin labule da na gefen gado. Na taɓa ganin na wata amarya, kafin shekara jan ya koɗe, har ya ɓata farin labule. Waɗanne duwatsu zan saya, kuma a ina? (Uwar amarya daga Birnin Kudu)

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Duwatsu iri biyu ne ta fuskar launi. Akwai wanda launin a cikin gilashin yake tun daga narki, akwai wanda farin gilashi ne aka rina ko aka shafe bayansa. Na biyun ne ya yi wa waccan amaryar aika-aika. Ruwan hoda mai haske, shunayya, da masu ruwan zinare sun fi zuwa a rine. Kafin ki sayi da yawa ki karɓi ƙullin ƙarami ki gwada a gida. Ki fasa ɗaya, in cikin fari ne waje ja, shafe ne. Ki jiƙa kaɗan a ruwan ɗumi da sabulu su kwana, da safe ki goga a farin ƙyalle. In ƙyallen ya ɗauki launi, labulen ma zai ɗauka. Akwai kuma na roba da ake haɗawa da na gilashi. Na gilashi ya fi nauyi, yana da sanyi a tafin hannu.

Duwatsun da suka fi daidaito daga Jamhuriyar Cek suke fitowa, irin na kamfanin Preciosa, da kuma Japan, na Miyuki da Toho. Suna da tsada, kuma ba kowane shago ke da su ba. Akasarin na kasuwanninmu na Sin ne da Indiya, a ƙulli ɗaya za ki ga siriri da mai ƙiba da wanda hudarsa ta toshe. Ni a ganina, don bakin labule da ake hange daga nesa, kada ki kashe kuɗi a na Japan. Ki sayi na Sin mai launi a jiki, a shimfiɗa tawul a faranti, a zuba, a zauna a tsince baragurbin kafin a zura. 'Yan matan gida su yi wannan, aikin yini ɗaya ne. Na tsadar a bar shi don 'yan kunne da sarƙa, abin da ake kallo kusa da fuska.

Wurin saye, 'yan koli na kasuwar ƙauye sukan riƙe ƙananan ƙulli. Ni nan Gujungu nake samun na gwaji ran Lahadi. Amma kayan ɗaki guda, ki daure ki shiga Kano, Kasuwar Kurmi ko ta Sabon Gari. Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ake cinikin kayan ado a cikinta, kuma har yau masu duwatsu na nan. Ki sayi kowane launi gaba ɗaya a rana ɗaya, har da rara. Jan da aka kawo wannan watan ba lallai ya yi daidai da na watan gobe ba, a jikin labule kuwa bambancin ba ya ɓuya. In kin ci karo da manyan duwatsun gilashi na Masaga, masu narka gilashi a Bida, ki ɗauki kaɗan. Ba sa saƙuwa, amma in aka sa ɗaya a ƙarƙashin kowane ƙwallo kafin tuntu, nauyinsa yana miƙar da labule.

Ki gaya wa amarya abu biyu. Kada ta ajiye kaskon turaren wuta a ƙarƙashinsu, hayaƙin yana dusashe gilashi, kuma kada ta fesa musu turare. Ƙurar hunturu kuwa busasshen tsohon burushin haƙori ya ishe ta. In za a wanke labule a kwance su tukuna, shi ya sa gara a rataya su da maɗauri maimakon a ɗinke.

Tambaya: Gwaggo, ɗana wata takwas, yana son abu mai ƙyalli. Zan iya saƙa masa ƙwallon duwatsu ya riƙa wasa? (Mai jego daga Bichi)

Amsa: A'a, 'yata. Ko ni na saƙa ba zan miƙa wa jariri ba. Duk abin da ya shiga hannunsa baki zai kai. Yawu yana jiƙa zare, dasashi yana tauna, rana ɗaya ido ɗaya zai tsinke duwatsu su zube. Shi kansa ƙaramin ƙwallon yana iya toshe maƙogwaro. A Amurka doka ta hana sayar wa yaro ɗan ƙasa da shekara 3 ƙwallon da faɗinsa bai wuce santimita 4.4 ba, namu na makulli kuwa rabin haka ne. Ki saƙa masa babba da zaren auduga zalla, launi-launi, ba dutse ko ɗaya, wanda ba zai shiga bakinsa ba. Farantin duwatsunki kuma ya hau saman kwaba. In tsautsayi ya sa dutse ya shiga hancin yaro ko kunnensa, kada a sa tsinke ko ashana, turawa ciki suke yi. A kai shi asibiti.

Tambaya: Gwaggo, ina gaisuwa. Maiɗakina ta kama wannan sana'a, da rana aikin gida, sai dare take zama da tocilan a baki tana saƙa. Yanzu kullum kukan ido da wuyan hannu. In hana ta ne? (Magidanci daga Maigatari)

Amsa: Malam, kada ka hana ta, ka saya mata fitila. Ran Alhamis kasuwa a ƙofar gidanku take ci, fitila mai cajin rana ba ta gagare ka ba. A ajiye ta ta bayan kafaɗarta, hasken ya sauka a kan aikin. Zura duwatsu da tsince su, waɗanda suka fi cin ido, ta mayar da su hantsi a inuwar tsakar gida. Baƙin dutse a baƙin zare kuwa kada ta taɓa shi da dare. In ta haura shekara 40, ganin kusa yana raguwa ga kowa, ka kai ta a auna idon a ba ta tabarau daidai da ita. Kada a saya mata maganin ɗigawa a kemis da ka. Wuyan hannun kuma siririn kwarashi ne ke jawo shi, saboda damƙar da ake masa. Ta naɗa wa mariƙin tsumma ko robar tayar keke ya yi kauri, ta riƙa ajiye aikin duk bayan 'yan zagaye tana miƙe yatsu. In yatsun sun fara dindiris da dare, wannan ma na likita ne.

Tambaya: Gwaggo, ƙwallayena suna kyau, kowa yabawa yake, amma kuɗin ba ya taruwa. Maƙwabta su ɗauka su ce sai an sayar da gyaɗa, dangi kuma kyauta suke so. Nawa ya kamata in sa? (Matar aure daga karkarar Dambatta)

Amsa: Ɗiyata, ba zan faɗa miki farashi ba, don kafin mujallar ta iso hannunki kuɗin duwatsu ya canja. Lissafin zan ba ki. Ƙaramin ƙwallo na makulli dutse 192 yake ci. Babba, wanda ake saƙawa a jikin ƙwallon tebur mai milimita 40, sai an kai dutse 48 a tsakiya, kuma gaba ɗaya yana cin kusan 770 na lamba 8, wajen giram 20. Ninki huɗu ke nan na ƙaramin, a duwatsu da a lokaci. To ki tambayi kanki, akwai wadda za ta biya ki ninki huɗu a ƙauyenku? In babu, ki bar manyan sai an yi oda, ki duƙufa kan ƙananan.

Ki sayi ƙulli ɗaya, ki ga ƙwallo nawa ya fitar bayan an tsince na banza, ki raba kuɗin. Ki ɗora na zare, na zoben makulli, na tuntu, da kason kuɗin motar da aka je sayayya. Wannan uwar kuɗi ce, ba ki ci komai ba tukuna. Ladan hannu kuma ki auna shi da abin da kika sani: lokacin da ƙwallo ɗaya ya ci, da ɗinkin hula kika yi ko tuyar ƙuli-ƙuli, nawa za ki samu? Kada ladanki ya gaza haka. Ki rubuta a littafi, don lissafin ka shi ke sa mace ta yi wata tana aiki jarin yana narkewa.

Mai odar biki ta ba da rabi kafin alƙalami, da shi za ki sayi kayan. Wadda ta ƙi, da ma ba za ta biya sauran ba. Dangi kuwa ba a raba su da kyauta, kuma ban ce ki zama marowaciya ba. Ki ware 'yan ƙanana daga ragowar duwatsu masu gauraye, na kyauta ke nan, na sayarwa kuma suna cikin gwangwani a rufe.

Kasuwar ma ki faɗaɗa ta ta wuce zauren maƙwabta. Maza na saye fiye da yadda kike zato, 'yan acaɓa da direbobi, don makulli da madubin mota. Kore da rawaya, launin Kano Pillars, ba ya kwana a hannu. Ki haɗa dozin, ki ba ɗan koli amintacce a kan sari ran kasuwar Dambatta, ko mai shagon cajin waya. Ban yarda a ɗora wa yarinya tire lokacin makaranta saboda wannan ba, kayan ba sa lalacewa, suna iya jiran Lahadi, ranar kasuwar. In kina da waya mai hoto, ki shimfiɗa farin ƙyalle da hantsi, ki jera uku, ki ajiye makulli a gefensu don a gane girmansu, ki ɗora a WhatsApp da farashin a rubuce a ƙasa. Wadda ta ga kuɗin a rubuce ba ta cika cewa a ba ta bashi ba.